Katin Shasha Ya Kai Casa'in da Huɗu

Asabar, 26 ga Afrilu, bayan azahar

Casa'in da huɗu. Shasha, wato fuskar kwamfuta, ta yi baƙi, aikin safiya gaba ɗaya ya tafi.

Na zauna ina kallon fuskata a cikin baƙin gilashin, gumi yana bin wuyana. Wannan ne karo na uku a satin nan. Katin shasha shi ke ɗaukar duk nauyin fitar da hotunan fim, in zafinsa ya haura casa'in sai ya fara numfarfashi, in ya ƙara kaɗan sai ya kashe kansa, ko sallama babu.

Aikin na Samah ne, ƙawata tun muna karatun zanen gine-gine a Madani. Yanzu tana wani ofishi a Maskat. Ta turo min zanen wata ƙaramar asibiti, in mayar da shi fim, mutum ya ga kamar yana shiga ta ƙofa yana zagaya ɗakuna. Alhamis ta ƙarshen Mayu take so. Kwamfutar ta Nasir ce, shi ya harhaɗa ta da hannunsa tun kafin aurenmu, kuma shi ya san halinta. Ni zane na iya, ba cikin inji ba.

Kahraba, wutar lantarkin gari, sai dai labari. Solar da ke kan rufinmu batirinta ya mutu, don haka daga hantsi zuwa la'asar kawai nake da wuta. Wato daidai lokacin da Gadarif take tafasa, lokacin da awaki ma suke tura kai ƙarƙashin mota.

Na san maganin. A tura fankokin katin nan uku zuwa ƙarshe, zafi ya sauka. Amma in suka kai ƙarshe suna wani siririn kuka mai hawa sama, irin na jirgin yaƙin nan marar matuƙi da ke wucewa ta kan gari kowa ya ɗaga kai. Bayan abin da ya faru ranar Alhamis ba zan sake ba. Har yanzu shatin yatsun Nasir yana damtsen 'yarmu Malaz. Ba dukanta ya yi ba. Fizgo ta ya yi ƙarƙashin gado ya rufa a kanta, kuma sai da Inna, mahaifiyarsa, ta daɗe tana magana kafin ya sake ta.

Fanka tana rabi. A rabi za ta zauna.

Lahadi, 27 ga Afrilu, da hantsi

Inna Jummare ta leƙo da tiren jabana, wato gahawa, ta tsaya bakin ƙofa tana kallon kwamfutar kamar wata baƙuwar da ta ƙi tafiya.

"Salama, wannan abin naki shi ba ya hutawa ne?"

"Inna, in ya huta tukunyarmu ma ta huta."

Ta ajiye tiren. Sai ta ce, "Mijinki bai taɓa abinci ba jiya, ko kisra." Ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne.

Na ce na gani.

"Ya dai sha shayi," in ji ta, kamar mai ba ni albishir.

Kwana biyu ya ce zai yi, ya ɗauko gwaggonsa ya dawo, tun ana yankan riɗi. Cikin azumi ya shigo gidan nan, ba gwaggo, ba mota, da silifas ɗin wani a ƙafarsa. Ba wanda ya tambaye shi. Ni na tambaya sau ɗaya.

Casa'in da biyu yau. Na cire murfin gefe.

Talata, 29 ga Afrilu, da la'asar

Na kwashe komai na kai rakuba, rumfar da ke can ƙarshen tsakar gida, nesa da ɗakinsa, wai ko zan iya ƙara wa fanka gudu. Wauta. Iskar da ke shigowa rakuba kamar daga bakin tanderu take. Fanka tana jan zafi tana zuba wa zafi. Ga ƙurar manyan motocin da ke kai dawa kasuwa, kafin azahar na rubuta sunana da yatsa a kan akwatin. Akuyar maƙwabta ta shigo ta ɗanɗana wayar sola.

Kuma sautin yana kaiwa ɗakinsa. Na ga labule ya motsa.

Na mayar da komai ciki. Bayana kamar zai tsage.

Laraba, 30 ga Afrilu, da azahar

Casa'in da biyar, kuma miyar ta kama.

Asabar, 3 ga Mayu, bayan la'asar

Na ciro katin, na naɗe shi a tawul ɗin Malaz, na sa a jaka na tafi kasuwa wurin Abulgasim, abokin Nasir mai gyaran kwamfuta. A hanya inda ake tsayar da mutane wani ya leƙa jakar ya ce mene ne. Na ce kayan talabijin. Ya juya shi, ya hura fankar ta juya, ya miƙo min.

Abulgasim na ganin katin ya riƙe baki.

"Ya Umm Malaz, wannan ba kati ba ne, rumbun ƙura ne."

Ya fita da shi bakin shago ya sa masa abin hura iska. Abin da ya fito sai da mai shayin gefe ya rufe tukunyarta yana yi mana faɗa. Ya ce min ma'ajun ɗin ciki ma ya bushe, wato man nan mai ruwan toka da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwar kati da ƙarfen da ke zuƙe zafi. Mai kyau ya ƙare tun da hanya ta rufe. Ya laluba ƙasan durowa ya samo min wani guntu a sirinji. Shi ba zai buɗe katin ba, mufak ɗinsa na kwance ƙananan sukurori an ara ba a dawo da shi ba, amma ya san Nasir yana da irinsa a gida.

Ya ce, "Ki kawo kwamfutar gaba ɗaya nan mana. Ina da mukayyif mai sanyaya ɗaki, in an kawo wuta shagon nan sanyi ne da shi."

Na ce a'a. Kati ɗaya a jaka kayan talabijin ne. Akwati guda kuwa za a ce a kunna, na wane ne, ina mai shi, a kira shi ya zo. Ba abin da ke ciki sai zane-zane. Amma ba zan sa wani mai bindiga ya tsaya a kan Nasir yana tambayarsa sunansa ba.

Abulgasim bai ja ba. Da zan fita ya ce, "Abu Malaz fa?"

"Da sauƙi."

"Ki ce masa kujerarsa tana nan. Ba na barin kowa ya zauna."

Ban faɗa masa ba. Nasir ɗin nake nufi.

Lahadi, 4 ga Mayu, da hantsi

Na shimfiɗa zane fari a ƙasa, na kwance sukurorin ɗaya bayan ɗaya ina jera su a murfin kwano. Tsohon ma'ajun ya zama kamar busasshiyar laka, na kankare shi da katin waya. Sai na tsaya, sirinji a hannu. Nawa ake sawa? Kamar ƙwayar wake? A shafe ko'ina? Wayata ba ta da layi balle in duba.

Na ɗaga kai, ga Nasir tsaye a bakin ƙofa. Ban san tun yaushe ba. Jallabiyar nan tana lilo a jikinsa kamar an rataye ta a ƙusa.

Na ce, "Nawa ake sawa?"

Yana kallon katin. Na rantse leɓensa ya motsa.

"Nasir, nawa? Kaɗan ko da yawa? Kalma ɗaya."

Ya juya ya tafi. Na ji ƙarar gado.

Kalma ɗaya fa. Mutumin da a da in ya fara bayanin katin nan sai shayi ya huce, sai na ce don Allah ya isa. Na matse sirinjin gaba ɗaya don haushi, na shafe, na rufe. Sukuru ɗaya ya yi saura a murfin kwano, na rasa gurbinsa.

Litinin, 5 ga Mayu, da azahar

Casa'in da ɗaya. Duk wannan wahalar.

Laraba, 7 ga Mayu, bayan la'asar

Yau Inna ta shigo da buhunan algarara biyu na riɗi, ta sa Malaz ta matsa, ta tsoma su a bokiti ta rataye a taga. Ta ce haka suke yi wa mai jego a Fau in rani ya tsananta. Sannan muka kinkimo randa ni da ita muka ajiye a kusurwa.

Iskar da ke ratsowa ta cikin buhun da ɗan sanyinta. Tamanin da bakwai. Na yi aiki har rana ta karkata bai mutu ba. Na kusa rungume tsohuwar nan.

Sai dai buhun yana bushewa kafin a idar da salla. Kuma ruwa a garin nan kowa ya san yadda yake, mai jakin da ke kawo mana ganga yau ya zo gobe ya ɓace. Da na tsoma buhu karo na huɗu Inna ta ce daga tsakar gida, "Salama, mu ma fa muna sha."

Ita ta kawo dabarar, ita kuma take ƙirga min moɗa.

Ina tsoron laima ma. Na ja kwamfutar nesa da taga kaɗan, zafi ya ƙaru kaɗan. Na dawo da ita. Haka na wuni, ja, tura, ja, tura.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan sallar Juma'a

Saƙon murya daga Samah. Bayanta shiru, irin shirun ɗaki mai sanyi.

"Habibti, sun ga gwajin, ya yi kyau wallahi. Abu kaɗan ne kawai. Bishiyoyin gaba a mayar da su dabino, kuma hasken ya zama na yamma. Ba wuya, ko?"

Ba wuya. Canza haske yana nufin duk abin da na fitar tun Afrilu ya zama shara. Daga farko.

Na danna zan yi mata magana, na faɗi abubuwa da yawa, na goge. Na rubuta, "To, in sha Allah." Ta turo min fure.

A ƙarshen saƙonta ta ce in gaida Nasir, wai yaushe zai koma aiki, suna kewar hannunsa. Na saurari wurin sau biyu. Ban san me ya sa ba.

Lahadi, 11 ga Mayu, da yamma

Kawu Gado ya zo daga Gadambaliya, ƙanin Inna, da ƙurar hanya har a girarsa. Ya shiga wurin Nasir ya daɗe. Ban ji muryar kowa ba sai tasa. Da ya fito ya zauna a rakuba ya ce a kira ni.

"'Yata, bayan Layya zan tafi da shi gona. Ana gyaran tarakta, ana share fili kafin ruwa."

Na ce, "Kawu, mutumin da ƙarar fanka ke sa shi shiga ƙarƙashin gado, shi za a kai wurin tarakta?"

"Tarakta a ƙasa take. Yana ganinta."

"Ba ya cin abinci sai an tsaya a kansa."

"Shi ya sa. Ke kina tsaye a kansa, uwarsa tana tsaye a kansa, yarinya tana leƙensa. Kunyarku yake ji. A can ba wanda ya san shi da can, ba wanda zai ce ya canza."

Raina ya ɓaci. Na ce ba inda zai je. Na faɗa da ƙarfi fiye da yadda ake yi wa babba magana, Inna ta kalle ni. Kawu ya shanye jabanarsa, ya kife finjalin, ya ce, "Allah ya huci zuciyarki. Ni dai ina nan."

Wata biyar na yi ina kallon ƙofar gidan nan. Yanzu a ce in sake buɗe masa ita da hannuna?

Talata, 13 ga Mayu, da la'asar

Habub, guguwar ƙura, ta taso, gari ya yi ja. Na lulluɓe kwamfuta da zanin gado kafin in tuna Malaz tana waje. Sola ta rufe da ƙasa. Ba aiki yau.

Ina ta tunanin wanne na fara rufewa.

Alhamis, 15 ga Mayu, bayan magariba

Zan rubuta yadda aka yi, ba zan gyara ba.

Mai ruwa bai zo ba, buhu ya bushe ƙamas. Katin ya mutu da hantsi, ya sake mutuwa kafin azahar. Karo na uku ina kallonsa yana hawa, casa'in da biyu, da uku, ga hoton ƙofar asibitin ya kusa kammala, ga dabinonsu sun fito tsaf. Malaz tana kuka a tsakar gida. Inna tana kiran sunana kan maganar gawayi. Shi kuwa yana kwance a ɗaki yana kallon rufi kamar jiya, kamar shekaranjiya.

Na sa hannu na tura fankar har ƙarshe.

Ba mantawa na yi ba. Na sani. A raina na ce, to, ka ji. Ka ji ka taso ka yi min ihu, ka fasa abin, ka yi wani abu.

Zafi ya sauko kamar wasa. Tamanin da biyar, tamanin, saba'in da takwas. Na zauna ina kallon lambar tana sauka, ina jin daɗi, Allah ya gani ina jin daɗi.

Sai na ji ƙofar gida.

Bai shiga ƙarƙashin gado ba wannan karon. Fita ya yi, ba takalmi, a wannan ƙasar da ko jaki ba ya son takawa da rana. Kafin in kai titi ya ɓace. Na bi ta masallaci, na bi ta tasha, na tambayi mai burodi. Na kira Abulgasim ya rufe shago ya hau babur.

Dab da magariba ya same shi bayan kasuwar amfanin gona, inda 'yan ƙwadago suke zama suna jiran a ɗauke su aiki. Wai yana zaune a tsakiyarsu, wani ya miƙa masa rabin burodi yana ci. Yana ci.

Abulgasim ya sauke shi a ƙofa bai shigo ba, bai kuma kalle ni ba.

Hoton ya kammala, da na dawo na gani. Ya yi kyau ƙwarai.

Juma'a, 16 ga Mayu, da asuba

Ban kunna ba. Ba zan kunna ba yau.

Asabar, 17 ga Mayu, da hantsi

Tafin ƙafarsa ya yi bororo. Na kawo ruwa a kwano da man riɗi, na durƙusa. Ya bar ni na wanke. Ina so in ce ya yafe min, ban iya ba. Na ce, "Da zafi?" Ya girgiza kai.

A idon sawunsa akwai wani zagayayyen tabo da ban taɓa kallo da kyau ba. Na shafa mai a kai na wuce kamar ban gani ba.

Inna ba ta yi min faɗa ba. Ta dai ɗebo ruwa daga nata tulun na alwala ta jiƙa buhu ta rataye, ta fita. Gara ta zage ni.

Abulgasim ya turo saƙo, gajere, yadda zan rage wa katin ƙarfin wutar da yake ja. Zai yi sanyi, amma zai yi tafiyar tsohuwa. Na rage. Tamanin da huɗu, fanka a rabi. Hoton da ke fita kafin in gama wanke kwano yanzu sai na dafa shayi na sha yana nan.

Talata, 20 ga Mayu, da azahar

In ba a yi habub ba, in mai ruwa ya zo, in sola ba ta yi gardama ba, in Samah ba ta sake tuno wata bishiya ba, zan gama ranar Alhamis ɗin da la'asar. In.

Jiƙa buhu. Duba lamba. Jiƙa buhu.

Alhamis, 22 ga Mayu, da la'asar

Tamanin da shida.

Asabar, 24 ga Mayu, da yamma

Malaz ta kawo min maficinta ta ce in yi wa kwamfuta fifita tunda zazzaɓi take yi. Sai ta ce, "Baba ma zazzaɓi yake yi?" Na ce e. Ta ce, "To yaushe zai sauka?" Na ce ta je ta taya Inna tsince wake.

Gajimare ya taru ta gabas, ya watse. Zafin ya ƙara nauyi, irin mai ɗanko. Buhun ma ya daina aiki sosai.

Alhamis, 29 ga Mayu, da la'asar

Ban tura ba.

Saura yanki na ƙarshe, inda ake fitowa daga ɗakin haihuwa a bi baranda zuwa lambu. Da azahar komai yana tafiya daidai. Sai ga Nasir ya shigo ɗakin. Tun da ya dawo bai taka cikinsa ba, iyakarsa bakin ƙofa. Bai kalli kwamfutar ba. Ya wuce ƙarƙashin taga inda siminti ya jiƙe da ɗigon buhu, ya kwanta a ƙasa ya jingina bayansa da randa. Ashe duk gidan nan ɗakin nan ne ya fi sanyi, ni ban lura ba.

Na ɗauke numfashi. Kafin a jima na ji nasa ya canza.

Barci yake yi. Barci na gaske, baki a buɗe, hannu a sake. Tun azumi ban ga haka ba. Abin da na saba gani rufe ido ne da zabura.

Buhu ya bushe a kansa. Ba yadda zan kai ga taga ko randa sai na tsallaka shi. Lamba ta fara hawa. Tamanin da tara. Casa'in. Casa'in da biyu. Da zan ƙara wa fanka gudu, ko ba har ƙarshe ba, da ta riƙe har a gama. Rana tana karkata, wutar sola ta kusa tafiya, in na tsayar ba sauran lokaci.

Na ɗora yatsa a wurin. Na daɗe.

Sai na adana abin da ya fita, na kashe kwamfutar da kaina.

Ɗakin ya yi tsit. Ina jin ɗigon randa. Ina zaune a nan har yanzu, ƙafata ta yi sanyi ban motsa ba, ina rubutu a kan gwiwa. Haushi nake ji, ban san na wa ba. Sati uku ina jiƙa buhu.

Har yanzu bai farka ba.

Alhamis ɗin dai, bayan magariba

Kiran salla ne ya tashe shi. Ya zauna yana kallon baƙar shasha, sannan ya kalle ni.

"Kin gama?"

Muryarsa ta dushe. Na ce a'a.

"Me ya sa kika kashe?"

"Ya yi zafi."

Ya miƙa hannu ya taɓa gefen akwatin, ya bar hannun a wurin. Can ya ce, "A can inda aka tsare mu, ɗakin ba taga. Muna da yawa. Akwai ɗan rami a ƙasan ƙofa, muna karɓa-karɓa, kowa ya sa hancinsa ya sha iska ya matsa." Ya janye hannun. "Wani tsoho yana ba ni nasa layin."

Na ji tsoron in na yi magana zai rufe.

Bai ƙara ba. Ya tashi ya yi alwala. Da ya dawo ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Salama, zan bi Kawu."

Na ce to.

Asabar, 31 ga Mayu, da hantsi

Samah ta kira da kanta. Ba ta yi faɗa ba. Sun nuna wa masu asibitin hotuna tsayayyu, fim ɗin kuma sun ba wani a Alƙahira ya ƙarasa. Ta ce shugabanta ya ce aiki na gaba a nemi wanda yake da wuta tsayayya. Ta ce ma'alesh, in yi haƙuri, sau uku. Ta ce ko akwai abin da ya faru.

Na ce kati ne ya yi zafi.

Talata, 10 ga Yuni, da safe

Layya ta wuce, ba mu yanka ba, maƙwabta sun aiko.

Motar Kawu Gado ta tsaya a ƙofa tun da sassafe, cike da gangunan mai da buhunan iri. Na sa masa jallabiya biyu, sabulu, man ƙafa, da busasshiyar kuɓewa. Ya ɗauki Malaz, ta sandare a hannunsa da farko, sannan ta kama kunnensa. Inna tana ta addu'a ba ta tsaya numfashi ba.

Na tsaya a ƙofa har ƙurar ta kwanta. Ba na son wannan tsayuwar. Na tsane ta.

Laraba, 11 ga Yuni, da azahar

Fanka har ƙarshe, ba mai ji. Saba'in da huɗu. Ba abin da zan fitar.

Juma'a, 13 ga Yuni, da la'asar

Inna ta ce tunda aikin ya tsaya me zai hana a sayar da abin, Abulgasim zai samo mai saye. Na ƙarasa barandar da lambun don kaina, na kalla sau ɗaya, na rufe.

Kawu bai kira ba. Sun ce layi a can sai an hau kan tarakta.

Lahadi, 15 ga Yuni, da yamma

An yi ruwa. Na farko mai ƙarfi, har tsakar gida ta zama laka, baƙar lakar nan mai cire wa mutum takalmi. Malaz ta fita tana tsalle, ban hana ta ba.

Ana cikin yayyafi waya ta yi ƙara, lambar Kawu. Na ɗauka ina cewa, "Kawu, lafiya?"

"Ni ne."

Na zauna a bakin gado. Iska tana kaɗawa a wayar, ina jin maza suna hayaniya a bayansa.

Ya ce an yi ruwa a can ma, bai shiga rakuba ba, ya tsaya a fili ya jiƙe sharkaf, Kawu yana ta yi masa ihu. Ya ce jibi za a fara shuka. Ya tambayi Malaz, ya tambayi Inna. Na ce suna lafiya. Don kada shiru ya shigo na ce masa Inna tana maganar a sayar da kwamfutar.

"A'a," in ji shi da sauri. "Kar ki sayar. In an yanke riɗi na dawo, zan buɗe katin nan in ga irin ɓarnar da kika yi a ciki."

Ɓarna. Ni. Na miƙe tsaye, na ce masa ɓarnar da na yi ita ta riƙe gidan nan tun azumi, in yana da abin faɗa ya zo ya faɗa a gabana, ina nan ina jiransa.

Na ji kamar dariya, ko iska ce. Layin ya yanke kafin in san ko ya ji ƙarshen maganar.